Man da Yaya Ya Zuba wa Motar Baba

Motar mahaifina ta girme ni. 'Yar Faransa ce, ya saye ta hannu na biyu tun yana mushe a lakwal, wato malamin makaranta, kuma har ya ajiye alli bai sake wata ba. Da idonsa ya yi rauni ni na karɓi tuƙi, don ni kaɗai na rage kusa da gida. Samarin Birni kan bi mu da tsiya: "Hajiya, a tura ne?" In leƙo in ce uwarka za a tura. Baba ya yi kamar bai ji ba.

Wannan akwalar ita ce ƙafarsa. Yana da yaya mace guda a Dogo, gwaggonmu, tsohuwa tukuf, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma duk mako sai mun je ya gaishe ta. Bayansa ba ya ɗaukar motar haya, balle babur. Motar tasa kaɗai ke da kujerar da yake iya zama a kai har mu isa.

Kowane mai ka zuba wa injinta ta sha, ba ta da tsirfa. Tsirfarta na pon, wato akwatin ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikinsa akwai wani faifai mai haƙora na tagulla, shi kuwa ba ya shan komai sai wani mai da ake yi da zurma. Wani tsohon abokin aikin Baba ke aiko masa da shi daga waje, gwangwani-gwangwani, Baba na ɓoyonsa ƙarƙashin gado. Sau nawa ya ja mini kunne: "Uwata, ko da wasa kada a haɗa shi da man zamani. In suka haɗu sai su yi dunƙule kamar kunu ya kwana, haƙoran su ci juna. Kuma babu mai sayar da faifan nan yanzu."

Sai Yaya, babban wanmu, ya zo hutu daga Yamai. Shi ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne: bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa faɗa kai tsaye. In zai ambace shi sai ya ce "mutumin Yamai". Haka suka rayu, uba da ɗa kamar surukai.

Yaya ya zo da tsaraba, jarkar man giya mai ƙyalli, irin wanda ake zuba wa manyan motocin ofis. Da hantsi ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, maƙwabta na zaune kan dakali suna sa masa albarka. Ya shige ƙarƙashin motar ya kwance murfin pon.

Na ce, "Yaya, tsaya! Wannan ba ya shan irin wannan man."

Ya leƙo yana dariya. "Ke kuma yaushe kika zama makanike? Wannan ya fi duk wani mai da ta taɓa gani tun da aka ƙera ta."

Na juya wajen Baba. Yana kan kujerarsa da carbi, ya san komai, ya fi ni sani. Kalma ɗaya ta isa. Wallahi kalma ɗaya! Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Uwata, kawo wa mutane ruwa."

Na shiga gida ina huci. Kafin in fito an gama, an ɗaure murfi, maƙwabta na cewa Allah ya ba mu ɗa irin wannan.

Da muka keɓe na roƙe shi ya bari in kai ta gareji a zubar, a wanke, tun ba a taka ta ba. Ya ce a'a, sai baƙo ya koma, kada ya ji. Baƙo! Ɗan cikinsa. Shi kuwa baƙon ya karɓi makulli, kullum yana gari da ita, yau Tirmini gobe gaisuwar abokai, yana taka ta kamar ta ofishinsu. Ni ina jin kukan da ta fara daga baya, wani siririn gurnani.

A hanyar Dogo ta tsaya, Yaya na tuƙi, Baba na gefensa, ni a baya da ƙullin goron gwaggo a cinya. Gurnanin ya koma ƙara, wani ƙauri ya cika motar, sai ƙafafun baya suka cije. Da amalanken shanu aka jawo ta gida. Da aka buɗe pon, man ya fito baƙi, yana walƙiya da garin tagulla.

Yaya ya kaɗa kai ya ce, "Ai dama ta tsufa, Baba. Ta yi ƙoƙari." Baba ya ce haka ne.

Mun nemi faifan har Kano, babu. Motar ta hau duwatsu a ƙofar gida, kaji suka samu ɗaki. Na aro wata mota sau ɗaya, ba mu fita gari ba ya ce in mai da shi, bayansa zai karye. Gwaggo ta yi ta aiko a tambaya ko ta yi masa laifi ne. Ta rasu da damina, ba su sake ganin juna ba.

Ranar da aka kawo labarin ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Baba, kunyar me? Ka zaɓi kunya ka bar 'yar'uwarka ta mutu tana jiranka!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba.

Sai ya ce, "Tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa ba, Uwata. Ran nan ne ya fara yi mini wani abu da hannunsa. In ce masa bai iya ba?"

Baba ma ya bi Gwaggo bara. A zaman makoki na ji Yaya daga zaure yana gaya wa mutane cewa shi ya yi wa motar tsoho juyen mai na ƙarshe, da mai mafi kyau. Suka ce Allah ya saka. Ina tsakar gida ina rabon gumba, gwangwanin man zurma na nan ƙarƙashin gado ko buɗe shi ba a yi ba. Har yau Yaya bai san man nan ne ya kashe motar ba, don Baba ya sa na rantse ba zan gaya masa ba.