Baƙin Man Motar Auta

Shekara ashirin da bakwai ina faci a gefen garejin Mai Kunne, bango ɗaya muka jingina rumfunanmu, don haka abin da zan faɗa maka ba ji na yi ba, gani na yi. Gajeren mutum ne, bakanike na gasken gaske, ga taurin kan tsiya. Sunan daga aikinsa ya samo shi. Zai kafa bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, sai ya gaya maka ciwon motarka.

Abin da ya fi saurara shi ne lokacin da aka tayar da mota. Ya ce a wannan ɗan tsakanin baƙin mai yana kwance a gindin inji, famfo bai gama tura shi sama ba, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. A wurinsa kowane tashi ɗaya rage wa inji kwana yake. Ka taka totur a gabansa kafin jar fitilar mai ta mutu, ranar za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, ko da kai ne mai motar. Ni kaina na sha zagi a kan babur ɗina, alhali ba shi ya saya min ba.

'Ya'yansa huɗu, amma Auta ce ransa. Tana 'yar shekara tara uwarsu ta rasu, shi ya ƙarasa renonta. Ta yi karatu, ta samu aiki a wani ofis can ɗaya ƙarshen gari, ta yi aure a can. Zuwa ya koma waya, wayar ma ta koma ina kwana, ina gajiya. Ba ya ƙorafi, sai dai duk motar da ta rage gudu a bakin gareji sai ya ɗaga kai. Kewarta yake yi, kowa ya sani, shi ne dai bai taɓa furtawa ba.

Da yayanta ya kawo labarin ta sayi sabuwar mota, Mai Kunne ya share gareji tas, ya sa aka janye wata akwala da ta shekara uku a gaban ƙofa. Na ce masa sababbin motocin nan kamfani ake kai su, ya ce in ji da tayoyina. Wata takwas wurin nan yana share babu kowa.

Wata Asabar da hantsi sai ga ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaishe ni, Kawu take ce min. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta, ya ce a zaga da shi ya ji muryarta. Na shige baya ba tare da an gayyace ni ba.

A danja ta farko ta taka birki, motar ta yi tsit. Kafin ka ce me, Mai Kunne ya buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a kan titi, yana ce min in sauko mu tura. Danja ta ba da hannu, Auta ta ɗaga ƙafa, inji ya tashi da kansa. Na baya suka dame mu da oda. Ya mayar da ƙafarsa a hankali, ya rufe ƙofa, kunya ta rufe shi. Ni kuwa dariya har da hawaye, Allah ya yafe min.

Ta yi masa bayani cewa haka aka ƙera ta, in an tsaya ta kashe kanta don kar ta sha fetur a banza. Shi kuwa ya koma ƙirga. Sau goma sha huɗu ta mutu ta tashi kafin mu dawo. Muna sauka ya fara: wane mara imani ne zai tayar da inji sau goma sha huɗu a tafiyar rabin awa? Ta ce a kamfani sun gaya mata in inji da zafi man ba ya gama zurarewa a minti ɗaya, kuma siririn mai suke zuba mata don ya hau da sauri. Ya zaro sandar awo, ya murza man a yatsa, ya ce wannan ai ruwa ne. Shi mai kauri ya sani, wanda ke riƙe ƙarfe, shi ya zuba wa motoci shekara arba'in.

Auta ta dube shi, ta dubi filin nan da ya share. Ta miƙa masa makulli.

"To Baba, ka yi mata juye."

Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Yana kwance a ƙarƙashin mota yana ba ta labarin uwarta, tana zaune a bencina tana dariya. Sai la'asar ta tafi, ta ce bayan wata biyu za ta dawo a sake.

Ta kuwa dawo. Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance noti, mai ya zubo cikin tasa. Ina tsaye a kansa na ga hannunsa ya tsaya. Man da ke zuba siriri ne, tsalala, ba nasa ba. Ya tara yatsa, ya murza, ya daɗe a kwance ba ya motsi. Da ya fito bai nuna komai a fuska ba. Ya ɗauko galan ɗinsa ya zuba mai kaurin, ya ce ta tayar. Wannan karon ya kafa sukundireba ya saurara da gaske. Ko ni da ba bakanike ba na ji 'yar ƙara, kar-kar-kar, kafin man ya kai sama ta lafa. Hanyoyin man sabon injin ƙanana ne, mai kauri ba ya wucewa da wuri, kuma a kowace danja sai an maimaita.

Sun yi hirarsu har yamma. Da ta fita, maimakon ta yi dama, hanyar gidanta, sai ta yi hagu, hanyar kamfani. Mu biyu muka gani, babu wanda ya dubi wani.

Washegari bai buɗe gareji da wuri ba. Can sai ga shi da sabuwar robar siririn mai a leda. Ya wanke tsohuwar galan ɗinsa, ya kife ta ta bushe, ya juye siririn a ciki, ya kai robar bayan rumfata ya ɓoye cikin tsofaffin tayoyi.

Raina ya ɓaci, na ce wannan wace irin wahala ce? Yarinya za ta ga tsohuwar galan, ta zaci mai kauri ne, ta je a zubar da mai mai kyau a banza. Na ce ya kira ta mana, ya ce mata ya gane, ita ce da gaskiya, magana ta ƙare.

Ya ɗaure murfin galan ɗin, ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana goga.

"Mai Faci, tana zuwa ne don kar raina ya ɓaci. In ta san na gane, me kuma zai kawo ta?"

Yau shekara biyu ke nan. Duk bayan wata biyu tana zuwa, ya zuba, su yi hira, ta yi hagu. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba.