Ɗan Layin da ke Tsakanin Dutsin da Ma

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina koyar da Arabiyya a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Kurfi. Mu biyu ne malaman Arabiyya a wurin, ni da abokina mutumin Dutsin-Ma. Dukanmu a zaure muka yi karatu, da ajami muka buɗe ido, boko kuwa da girmanmu muka tsince shi. Sai dai shi ya tsince shi da kyau. Ni har gobe in na rubuta boko, sai ka ce kaji ne suka yi tsere a kan takarda. Ya riga ni shiga aikin, ya kuma fi ni karatu nesa ba kusa ba. In nahawu ya cije mini, wurinsa nake zuwa.

Sai sanarwa ta zo cewa duk malamin da ba shi da takardar shaida za a sallame shi, in ban da waɗanda suka shekara goma suna aiki. Su za a tura su kwas, su samo shaida, su tsira. Mu biyun mun wuce goma, don haka hankalinmu kwance. Aka ce kowa ya rubuto sunansa, da garinsu, da shekarun aikinsa, da darasin da yake koyarwa, za a zuba a sabuwar na'urar da aka kawo birni, wai kwamfuta, ita za ta tace.

Da sunaye suka fito, nawa na ciki, nasa babu.

Na ce masa, "Malam, kuskure ne."

Ya ce, "To, in kuskure ne ai gyaruwa yake yi. Mu je mu gani."

Muka hau motar kasuwa muka tafi birni. A ofishin ilimi aka nuna mana ɗakin na'urar, mai sanyi kamar randa. Mai aiki da ita wani Kirista ne daga kudu, mai fara'a, Hausarsa ta zauna sosai. Ya ba mu kujeru, ya yi ta danne-danne, can sai ya dafe kai.

Ya ce, "Baba, matso ka gani."

Ya yi mana bayani a hankali. Kowane malami layi ɗaya gare shi. Mai buga tafireta ya raba suna da gari da shekaru da darasi da ɗan gajeren layin nan da ake kira karan ɗori. Duk inda na'urar ta ga karan, sai ta yanke, ta jefa abin da ya biyo baya a gida na gaba. Ni an rubuta Kurfi, ba abin yankewa. Yawancin mutanen garinsu sun rubuta Dutsinma a haɗe, sun wuce lafiya. Shi kuwa ya rubuta shi yadda aka koya masa, Dutsin-Ma, aka buga hakanan. Sai na'urar ta sa Dutsin a gidan gari, ta sa Ma a gidan shekarun aiki. Da aka tambaye ta waɗanda suka kai goma, ta duba ta ga Ma ba lamba ba ce, ta tsallake shi.

Abokina ya daɗe yana kallon gilashin na'urar. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ta yi ƙarya ba. Cewa take yi ni ma na yi aiki. Shekara nawa ne dai ba ta sani ba."

Mutumin ya ce gyaran bai kai a sha shayi ba, amma ba shi da iko sai mai gidansa ya yarda. Muka shiga wurin mai gidan. Ko zama bai ce mu yi ba.

"Malam, an riga an sa hannu, an tura sama."

Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, yaronka ya ga inda matsalar take."

"Mi kake so in ce masu? In ce na'urar da aka yi bikin buɗewa ba ta san sunan gari ba? In na buɗe maka, gobe mutum ɗari ne a ƙofar nan. Ka bari sai zagaye na gaba."

Na buɗe baki zan yi magana, abokina ya riƙe mini hannun riga. A mota carbinsa kawai yake ja, sai da muka kusa gida ya ce, "Malam, ka je ka yi kwas ɗinka. In nahawu ya cije, ka san gidan."

Zagaye na gaba bai zo ba. Na tafi na dawo da shaida, shi aka ba shi takardar sallama. Ya koma Dutsin-Ma ya kama noma, yana karantar da manya a ƙofar gidansa, har Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Na yarda da ƙaddara, na san abin da Allah Ya rubuta ba mai kankare shi. Amma ban taɓa ɗora wa na'ura laifi ba. Abin da aka ba ta shi ta yanka. Wanda ya ga gaskiya da idonsa ya zaɓi kare fuskarsa, shi ne har yau in na tuna shi abinci ke fita raina.

Kwanakin baya aka ce mana an ɗebo tsofaffin layukan nan an zuba su a wani shafin intanet, kowa na iya neman tsohon malaminsa ta gari ko ta darasi. 'Yata ta buga mini a wayarta. Muka nemi malaman Arabiyya na Kurfi, ga ni nan. Muka nemi na Dutsin-Ma, babu shi. Na ce ta cire darasin, ta goge Ma ta bar Dutsin.

Sai ga shi ya fito, shi kaɗai, a garin da babu shi a duniya.