Na Uku Daga Gabas

Muna yankan riɗi a mashru, babbar gonar nan ta wajen Fau, direban lori ya sauko bai kashe mota ba. Ya tako har inda nake, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce Habboba ta rasu jiya da azahar, an rufe ta kafin magariba. Na ajiye lauje, na yi salati. Ina jin nauyin faɗa, amma abin da ya fara faɗo mini a rai hoto ne.

Habboba mahaifiyar babanmu ce. Da Larabcin Gadarif muke kiranta haka, ita kuwa da Hausa take amsawa. Hoto ɗaya ta mallaka, a naɗe cikin tsohon mayafi a ƙasan akwatinta. A bakin teku aka ɗauke shi, a Sawakin, inda mahajjata ke shiga jirgin ruwa, tana goye a bayan uwarta. Mahaifinta na cikinsa. Bayan hoton ba ta sake samun abin da za ta gane shi da shi ba, don a garin suka rabu, uwar ta dawo da ita nan.

Da damina take fito da shi, ranar da baƙar ƙasarmu ta sha ruwa ta kama ƙafa, babu mai fita, motocin noma duk sun yi shiru. Takan zauna a ƙofar ɗakinta tana fuskantar kudu, gahawa na tafasa da citta, ciyawar rufi na ɗiga. In raɓe a gefenta.

Fuskokin sun koɗe, huluna ne suka rage. Ga rawuna farare kamar balbelu sun sauka a fadama. Ga dara da tuntunta, ta fito baƙa, Habboba ta ce ja ce. Turawa biyu da hular kwano, da matar ɗayansu sanye da wata faffaɗa kamar faifai, an soka mata gashin jimina. Akwai mutanen duwatsu da ba su sa komai a ka ba, gashinsu a tsaye da tsinke a ciki. Daga dama kuma ruwa ne, fari fat, ba a ganin inda ya rabu da sama. Ban taɓa ganin teku ba a lokacin. Nakan zuba masa ido har ɗigar ruwan rufinmu ta koma mini motsinsa, hulunan su fara tafiya a hankali.

A gaban taron maza shida ne a jere.

"Ga Baba nan," takan ce. "Na uku daga gabas."

Ba ta taɓa ɗora yatsa a kai ba, tana tsoron ya ƙara koɗewa. Daga nesa take zagaya shi.

Sai da na yi wayo na lura da matsalar. In gabas ɗin gidanmu take nufi, hannunta na hagu ke nan, na uku mai dara ne, da kwat irin ta ma'aikatan tashar jirgi. In gabas ɗin cikin hoton ce, wajen teku, na uku mai malafa ne, malafar kaba irin ta mutanenmu da suka taho daga yamma a ƙafa, da sanda a hannu. Kafaɗarsu na taɓa juna. Babanmu ya tsaya a kan mai malafa, ya ce kakansa ya ƙetara, ya yi hajji, ya rasu can. Gwaggo ta ce mai dara ne, ya sami aiki a tasha ya zauna, bai ƙetara ba, bai kuma biyo iyalinsa ba.

Sau ɗaya na tambaye ta. Na ce, "Habboba, wace gabas?"

Ta ce, "Kai maigida, gabas nawa ce? Boko ne ya ƙara muku wata?"

Na yi dariya, ta yi, ta naɗe hoton. Na ce a raina wata damina zan riƙe yatsanta in sa ta nuna. Sai aikin mashru ya ɗauke ni, idonta kuma ya tafi.

Ranar sadakar bakwai aka buɗe akwatin, Gwaggo ta miƙo mini mayafin. Daga baya na fara tunanin ko ita ma Habboba maganar kawai ta gada daga uwarta, ba ta san wace fuska ba ce. Wannan tunanin ya fi yi mini ciwo, ba na daɗewa a kansa.

Yanzu ba na ganin malafa a gona. Samarin da ke tuƙa motocin girbi hulunan ƙwallo suke sawa, dara kuwa sai a hoto. Bara 'yata ta ɗauki hoton da waya, ta ce za a iya fito da fuska ɗaya a faɗaɗa ta, a rataye a ɗaki. Ta buɗa yatsu a kan mutanen nan biyu, ta ce, "Baba, wanne ne namu?"

Na ce ta ba ni lokaci. Har yau ban nuna mata kowa ba.