Ranar da Aka Hana Mu Ɗakin Taro a Kankiya

Shekarun baya, lokacin da na je Amurka ƙaro karatun injiniyan ruwa, na yi wata huɗu ina neman kamfanin da zan yi aikin sanin makama, babu wanda ya ko ce mani kanzil. Na aika takardu har na gaji. Ni da nake ganin kaina wani abu ne a Kusada, sai ga ni a garin mutane ina kwana da tashi da burodi da ruwan bunu.

Akwai wani abokina a ajinmu, Balarabe ne haifaffen can, iyayensa mutanen Yaman. Wata Asabar da hantsi ya ce in tashi in raka shi taron mutanensu. Na ce me ya haɗa ni da taron Larabawa? Ya ce akwai shinkafa da naman rago. Ba zan yi maku ƙarya ba, naman ne ya kai ni.

A saman wani gidan burodi suke haɗuwa. Na tarar da likitoci, da lauyoyi, da malaman makaranta, da masu gyaran mota, maza da mata, Musulmi da Kirista, duk Larabawan Amurka. Tsarinsu guda ne. Kowa zai miƙe ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya iya, da abin da yake nema. Wani babban likita ya miƙe ya ce yana neman mai gyara masa rufin gida. Wani da bai daɗe da zuwa ƙasar ba ya ce shi kafinta ne amma ba ya jin Turanci. Nan take aka haɗa su.

Da aka zo kaina sai na noƙe. Na ce wa dattijuwar da ke jagorantar zaman, wata mai kantin magani, ai ni ba Balarabe ba ne.

Ta ce, "Ban tambaye ka wannan ba. Me ka iya?"

Bayan an tashi ta ba ni labarin mahaifinta. Ta ce da ya zo ƙasar sai da ya canza sunansa a takardun neman aiki kafin a kira shi, kuma har ya rasu abin yana masa ciwo. Shi ya sa su masu wannan taron suka ce 'ya'yansu ba za su sake yin haka ba, kuma ba za su zauna jiran wani ya tausaya masu ba. A ranar wani injiniya ya zaunar da ni, ya bi takarduna da jan biro kamar na ɗan firamare, ya faɗa mani kamfanonin da ke ɗaukar irina, ya kuma yi mani tambayoyin gwaji har gumi ya keto mani. Bai ba ni aiki ba. Ni na je na zauna intabiyu, na ci.

Da na dawo gida na koma aikina a Katsina, ina zuwa Kusada ƙarshen mako. Na tarar da ƙanwata ta gama karatun nas, shekara biyu tana zaune gida. Takardunta suna wurin wani Alhaji a Kankiya, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, aminin marigayi mahaifinmu. A lokacin duk mai neman aiki a yankinmu zaurensa yake zuwa. Sai ya ga dama ya yi ɗan rubutu a bayan katinsa, ka kai inda ya ce. Kuma in faɗi gaskiya, ya taimaki mutane da yawa. Ni kaina aikina na farko da katinsa na samu. Sai dai in bai san ubanka ba, ka yi ta zuwa gaisuwa har takalminka ya ƙare. In kuma ya taimake ka, to lokacin zaɓe inda ya nuna nan za ka bi, kai da gidanku.

Sai na ce me zai hana mu yi irin na Larabawan nan? Washegarin Sallah duk 'yan Kankiya da Kusada da ke aiki a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja suna gida. Na kira na kira, na samu waɗanda suka amsa. Na kama ɗakin taro a Kankiya. Sannan na tafi wurin Alhaji in gayyace shi, don ba a yin abu a bayan idon babba.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni yana jan carbi.

Ya ce, "To, madalla. Wa zai zauna kujerar gaba?"

Na ce, "Baba, babu kujerar gaba. Kowa zai miƙe ya faɗi abin da ya iya da abin da yake nema."

"Har ni?"

"In kun so, Baba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Yaro, shekara nawa ina ɗaukar nauyin 'ya'yan mutane a garin nan? Yanzu ka je ƙasar Turawa ka kwaso al'adar Larabawa, ka zo ka nuna mani yadda ake taimako? Ka janye wannan abu. Mai nema ya san hanyar gidana."

Na ce, "Baba, ba don in rage maku daraja ba ne. Amma akwai waɗanda ba su san hanyar ba, akwai kuma waɗanda suka sani suka gaji da zuwa. Ku yi haƙuri, na riga na ba mutane rana."

Ban san inda na samo wannan bakin ba. Alhaji ya ajiye carbinsa. Ya ɗaga matashin kujerar da yake kai, ya zaro wata ambulan, ya miƙo mani.

Ya ce, "Tunda kun samu wata hanya, tafi da takardun ƙanwarka."

Daga Kankiya zuwa Kusada ban san yadda na tuƙa motar ba. Ina ta ce wa kaina, kai da son burga ka kashe wa yarinya gaba.

Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida na shiga. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Da na gama bayani ta ajiye rariya ta ce, "Kai wannan, aminin ubanka ka je ka tsaya wa? Gobe da safe ka koma ka ba shi haƙuri."

Ƙanwata ta karɓi ambulan ɗin tana jujjuya ta. Can sai ta ce, "Inna, duba nan." Bakin ambulan ɗin yana nan a manne yadda ta manne shi da hannunta shekara biyu da suka wuce. Ko buɗewa ba a yi ba.

Ta ce, "Yaya, in ka koma ba da haƙuri, ka tafi kai kaɗai. Takarduna sun dawo gida ke nan."

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon ambulan ɗin. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba, ni kuma na san ta janye maganar ba da haƙurin ke nan.

Ana jibi taro mai ɗakin taron ya kira ni, wai rufin yana yoyo, ba zai iya ba mu ba. A watan da ko gajimare babu a sama. Daga nan sai waya ta fara shigowa. Wannan matarsa ba lafiya, wancan tafiya ta taso masa. Magana ta bazu a gari. Wasu suka ce takara nake nema, wasu suka ce Larabawa sun ba ni daloli in kawo sabuwar aƙida. Da a ce an ba ni dalolin ma da na ji sauƙi, don kujerun roba ma da ƙyar na yi hayarsu.

Na tafi wurin kawuna, malami ne mai makarantar Islamiyya a Kusada. Shi ma ya ji jita-jitar. Ya sa na zauna na faɗa masa komai, tun daga saman gidan burodi har zauren Alhaji.

Ya ce, "Maza da mata?"

Na ce, "E, Kawu, kowa da gefensa."

"Wa'azi za a yi ko siyasa?"

"Ko ɗaya."

Ya ce, "Sai da ka haye teku ka gano wannan? Ai gayya ce. Yau a nome gonarka, gobe a nome tawa. Kakanninku a ƙauyen Ƙofa da haka suka ci abinci. Yara suna hutun Sallah, ga azuzuwa nan. Wanda ke da magana ya zo ya same ni."

Ranar taro na sa kwat, a cikin wannan zafi. Na zo da na'urar haska rubutu a bango, sai da na gama jona wayoyi na tuna babu wuta. Na karanta jawabin da na kwana uku ina shiryawa, rabi Hausa rabi Turanci, mutane suna kallona kamar mai tallar maganin basir. Waɗanda suka zo ba su kai rabin waɗanda suka yi alkawari ba, amma aji ya cika, don mutanen gari sun shigo ganin ƙwaƙwaf.

Na ce to, bismillah, wa zai fara? Shiru. Bahaushe ya miƙe a gaban jama'a ya ce ga abin da ya rasa? Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, Alhaji ya yi gaskiya.

Sai wani dattijo daga ƙauyen Dudunni, wanda ko gayyatarsa ban yi ba, ya dafa sanda ya miƙe.

Ya ce, "Ni dai ban yi boko ba. Manomi ne ni, kuma a noman wake ban san wanda zai nuna mani ba. Abin da ya dame ni ƙwaro. Kowace shekara sai ya cinye mani wake a ajiya, dole in sayar da kaka da arha. In akwai mai dabara, ina so."

Wani malamin gona ɗan Ƙofa da ke aiki a Zariya ya miƙe ya ce akwai buhunan da ake ajiye wake a ciki ba tare da magani ba, kuma zai zo har Dudunni ya nuna masu yadda ake ɗaure su. Ya ƙara da cewa shi kuma abin da yake nema manoman da za su yarda a gwada sabon iri a gefen gonarsu. Dattijon ya ce, "Ka samu."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Lauya ya yi magana, tela ta yi, mai gyaran famfo ya yi. Na cire kwat ɗin na rataye a taga, ba wanda ya ma lura.

Ƙanwata ta miƙe daga gefen mata. Ta ce ta karanta aikin nas, shekara biyu tana zaune, kuma ba ta zo roƙon kati ba, so take a nuna mata yadda ake nema. Wata babbar nas 'yar garinmu da ke aiki a Kano ta ce ta same ta bayan taro. A ƙarƙashin darbejiyar makarantar suka zauna har la'asar, tana jefa mata tambayoyi tana gyara mata amsa.

Kada ku ɗauka nan take komai ya warware. Intabiyun farko da ƙanwata ta je ta faɗi, ta dawo ta yi kukanta. Masu dariya suka yi, har aka aiko wa mahaifiyata da saƙon jaje na ba'a. Ni kuma ba a jima ba aka yi mani canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ban ce da hannun kowa ba, ban kuma ce babu ba. Na tattara kayana na tafi, Sallah ta zagayo na dawo muka sake taruwa a makarantar kawu. A intabiyu na biyu aka ɗauki ƙanwata, kuma har yau babu wanda zai tare ta a hanya ya ce ba don ni ba.

Alhaji ya yi shekara biyu in na gaishe shi sai dai ya ɗaga mani hannu. Ban fasa zuwa gaishe shi ba, don aminin mahaifina ne, kuma alherin da ya yi mani ban manta ba. Amma ban taɓa ba shi haƙuri a kan taron ba, kuma ba zan bayar ba. Girmama babba daban, barin rayuwar 'ya'yan mutane a ƙarƙashin matashin kujerar mutum ɗaya daban. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da tsada. Mutanenmu ba su rasa ilimi ba, ba su rasa masu hannu da shuni ba. Abin da muka rasa shi ne mu san juna kai tsaye, ba sai ta hannun wani ba.

Sallar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da ni, ban samu zuwa ba. Na kwanta da waya a gefena ina jiran a kira a ce an ɗage taro tunda ba ni nan. Har magariba shiru. Daga baya na ji an cika azuzuwa uku, har da mutanen Ingawa, kuma wasu daga cikin masu gudanarwar ba su ma san ni na fara abin ba. Wallahi sai da na yi fushi na yini guda. Da fushin ya sauka sai na kama dariya ni kaɗai, har matata ta leƙo ta ga ko zazzaɓin ne ya hau kai. Yanzu duk mai son ya kashe taron nan, ban san gidan wa zai nufa ba. In ya zo nawa dai, ya ɓata man motarsa a banza.