Ba Ita Kaɗai Na Haifa Ba

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki 'yata ta fari ta samu ciki. Tana aure a Tarauni, mu muna Gyaɗi-Gyaɗi, amma ba na zuwa gidanta saboda kunyar ɗan fari. Ko sunanta ba na faɗa.

Wata Laraba da hantsi ta biyo daga awo, ina tankaɗe a tsakar gida. Ta zauna a bakin tabarma.

"Umma, an yi mini hoton ciki. Wai biyu ne."

Na ajiye rariya.

Ta ce, "Likita ya tambaya ko akwai 'yan biyu a danginmu, na ce babu. Ya ce in riƙa zuwa a kai a kai, don ko'ina a duniya an fi rasa jariri a cikin 'yan biyu fiye da cikin ɗaya."

Shekara ashirin ina riƙe da maganar nan. Na ce, "Ki koma ki ce masa akwai."

"Wa ke nan?"

"Ke ce. Ku biyu na haifa."

Na nuna mata ɗakin da na haife su. A nan ta faɗo tana tsala kuka, can sai ga ta biyu, ba numfashi. Ungozoma ta ce ta kwana biyu da rasuwa a ciki. Kafin 'yan barka su taru an kai ta. Kakarsu ta wajen uba ta hana a sa wa mai ran sunan 'yan biyu, don kada a riƙa tambayarta ina 'yar'uwarta. Daga nan kowa ya yi shiru.

Ta ɗago ta dube ni. "Muna kama?"

"Ba a nuna mini ita ba."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Ban ga fushi a fuskarta ba, alhali shi na fi jin tsoro.

Tun daga ranar na ajiye kunya. Duk ranar awo ni nake raka ta, mata suna yi mini dariya a layi. Maƙwabciyarta, wata nas 'yar Filato, ta ce mata in ta ci abinci ta kwanta ta ɓangaren hagu ta lura da motsinsu, in ta ji ya ragu kada ta jira kowa.

Cikin yana gab da shiga wata tara na je da safe, na tarar ba ta taɓa kokonta ba.

"Umma, na ɓangaren dama ya yi shiru tun jiya."

Ni ma na ji irin shirun nan a lokacina, aka ce mini lalacin ɗa ne. Na ce, "Ɗauko mayafinki."

A asibiti suka saurari bugun zuciyar, suka ce ɗayan ya yi rauni, sai an yi aiki. Mijinta ya rufe shagonsa a Unguwa Uku ya zo ya sa hannu. Ana kiran la'asar wata nas ta leƙo ta ce, "Ina mai zannuwa? Mace da namiji, duk suna da rai, uwar ma lafiya."

Na zauna a ƙasa, sai mijin ne ya zare jakar zannuwan daga hannuna ya miƙa.

Namijin ne ƙarami, ya kwana shida a kwalba. Da aka sallame su na taho da su Gyaɗi-Gyaɗi wankan jego. Mahaifinta ya shigo barka, ya tsaya a bakin gado ya rasa wanda zai fara ɗauka. Ta ce, "Baba, zauna tukuna," ta ɗora masa su duka biyun a cinya.