Ƙodar Matarsa da Farin Ɓera

A ɗakin bincike Baban Ɓeraye ake ce masa, don shi ke share kejinsu, ya zuba musu abinci da ruwa. Da can aikin bai dame shi ba. Amma tun da ƙodojinsa suka gaza, matarsa ta ba shi ɗaya cikin nata, ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa wani farin ɓera mai yagaggen kunne.

Laifin ɓeran ɗaya ne: an dasa masa ƙwayoyin halitta na ɗan tayi, waɗanda ba su kai ga zama tsoka ko jini ba, jikinsa kuwa ya karɓe su ba gardama. Shi Baba kullum sai ya haɗiyi magani cike da tafin hannu don a lallashi garkuwar jikinsa. Mura ba ta tsallake shi, kumatu sun kumbura, amma gwaji na nuna jikin na yaƙar ƙodar.

Rannan ya kasa daurewa, ya tare likitar da ke binciken.

"Ranki ya daɗe, da me ɗan banzan nan ya fi ni?"

Ta yi dariya. "Baba, kowace ƙwaya tana da tambari, sojojin jiki na dubawa. Waɗannan tambarinsu bai gama fitowa ba, kuma suna fitar da sinadari mai sanyaya sojojin. Sai su wuce ba a tambaye su daga ina ba."

"To a zuba mini mana."

"Da sauran aiki. In sun girma tambarin ya fito, sai a far musu. Shi muke neman magancewa."

"Zuwa yaushe?"

Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Ya koma gaban kejin, hassada na cin sa. Ɓeran na ta tsalle, sumul da shi. "Kai da baƙin da ba ka taɓa gani ba kun shirya," in ji Baba. "Ni kuwa ƙodar uwar 'ya'yana ce, jikina ya ce bai san ta ba." Ya rage masa abinci, kunya ta kama shi, ya cika.

A gida ya tarar da matarsa tana wanki a zaune, don tun da aka yi mata aikin ba ta iya dogon sunkuyo. Ya faɗa mata abin da gwaji ya nuna. Ta daɗe tana matse riga ɗaya.

"Malam, ka lallaɓa jikin nan naka," ta ce. "Na tambayi likita ko zai cire ɗayar tawa ma ya sa maka, ya ce ba a yi."