Tatsuniyar da Kaka Tani Ta Ƙi Gyarawa

Mu ba a tsakar gida muka sha tatsuniya ba, a bakin murhun mazarƙwaila muka sha ta. Unguwarmu 'yar ƙarama ce a gefen fadama, can wajen Kurmin Kogi, gidajen Kirista ƙalilan da majami'ar jar ƙasa mai rufin kwano. Rake muke nomawa kamar kowa a yankin. Idan ya nuna, Baba kan kafa injin matsa a gindin ɗorawa, doki ya wuni yana zagaye, ruwan rake na tsiyaya cikin garwa. Dafuwar kuwa ta Kaka Tani ce, mahaifiyar Baba. Ba ta yarda da hannun kowa a wutar nan ba. Takan ce mazarƙwaila kamar yaro mai rarrafe take, kana kau da kai ta yi ɓarna.

Da an ci tuwon yamma sai mu ɗauki tabarma mu nufi wurinta, ni da ƙanena Luka da sauran yaran unguwa. Har 'ya'yan Malam Idi, maƙwabcinmu Musulmi na tsallaken rafi, sukan zo in an tashe su daga karatu. Mukan tarar da ita zaune kan kifaffen turmi, tana cusa busasshiyar tuƙar rake a wuta, tana kwashe kumfa da dogon ludayi. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Wa ke da kunnen aro?" Mu ce, "Ga namu, Kaka." Ta ce, "To ku miƙo, in na gama na maido muku."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. In kuma ƙarshen wata bai yi mana daɗi ba, sai mu yi ta ihu, "Kaka, ki gyara!" Ta yi tsaki, ta ce mun cika fitina, sannan ta tayar da wanda kura ta cinye, ta aurar da shi, har ta ba shi shanu. Sai da na girma na yi mamakin inda take samo wannan raha. Haihuwa tara ta yi, biyu suka rayu. Da girmanta ta karɓi Almasihu, ba ta iya karatu ba, addu'arta kuwa kamar mai faɗa da maƙwabci ta kan katanga.

Shekarar da nake son faɗi, ban fi shekara goma ba. Inna, mahaifiyarmu, ta haihu, sai zazzaɓi ya kama ta ya ƙi saki. Aka sa ta a bayan a-kori-kura zuwa asibiti a Ikara, Baba ya bi ta, aka bar jaririn a hannun matar kawuna. Matan zumuntar majami'armu kullum suna gidanmu suna addu'a. Wata daga cikinsu ta dafa kaina ta ce, "Rahila, kada ki yi kuka. Wanda ya dogara ga Allah ba ya kunyata. Innarki da ƙafarta za ta dawo." Na riƙe maganar nan gam. Ko tuwo ba na ci sai na durƙusa.

Wata yamma muka je bakin murhu muka tarar Kaka ba ta ko kallon kasko. Ta sallami yaran unguwa, ta ce yau ta gaji, ta tsayar da ni da Luka. Ba ta tambayi kunnen aro ba. Ta jawo Luka jikinta ta fara kawai.

Ta ce an yi wata mace, Tasalla, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku. Sai fari ya faɗa wa ƙasarsu, damina ta zo ta wuce babu abin kirki. Rumbuna suka ƙare. Mutane suka ci dusa, suka ci ganyen kuka, daga baya kowa ya sauko da irin da ya ajiye don shuka ya daka ya sha. Tasalla kaɗai ta rage da ƙwarya guda ta irin gero, rataye a ɗaka. Autanta, wanda bai daɗe da yaye ba, kullum sai ya nuna ƙwaryar ya ce, "Inna, ki daka mana."

Sai ta zagaya bayan ɗaki ta ce, "Allah, ga iri, ga yunwa. In na dafa, mun ci yau, baɗi babu. In na shuka, ban san ko za mu kai ba. Ka faɗa mini." Ta saurara, ba ta ji komai ba sai kukan kurciya.

Da gari ya waye ta ɗauki sungumi ta tafi gona ta yi binne, wato ta zuba irin a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Mutanen gari suka ce ta haukace, ta ba tururuwa abincin 'ya'yanta. Hadari ya riƙa haɗuwa a gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Tasalla na ciyar da yaran da ƙwallon goruba da abin da ta tono a daji. Manyan biyu suka jure. Autan ya rame, ya daina nuna ƙwarya, ya daina kuka. Wata safiya ta taɓa shi ta ji sanyi.

Kashegarin da aka rufe shi ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Geron Tasalla ya tsiro, ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Da lokacin girbi ya yi, duk garin a wurinta suka sami iri. Suka taru a ƙofarta suna kirari, suna cewa ga mai bangaskiya. Ta fito ta ce, "Ku ɗebi iri ku tafi. Kada wanda ya yabe ni."

Nan Kaka ta tsaya. Muna jira.

Luka ya ce, "Sai yaron ya tashi?"

"Bai tashi ba, maigidana."

"Kaka, ki gyara."

"Wannan ba ta gyaruwa."

Na ce, "Da ta dafa irin, da ya rayu?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma da dukansu sun tafi. Ita kanta ba ta sani ba har ta koma ga Mahaliccinta."

"To me ya hana Allah ya saukar da ruwan da wuri? Ai ta dogara gare shi."

Ta ce, "Ƙawata, sau bakwai na yi masa wannan tambayar."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna. Amma ban fasa zuwa ƙofarsa ba. Ina kuma za ni? Shi ma ai ya san zafin ɗa, ya ga nasa a kan gicciye. Wanda ya san zafin abu, ko bai yi magana ba, zama kusa da shi ya fi zama kai kaɗai."

A nan muka ji ƙauri. Mazarƙwailar ta kama ƙasan kasko ta ƙone ƙurmus, abin da bai taɓa faruwa a hannunta ba. Ba ta ko tashi ba. Ta ce mu je mu kwanta a ɗakinta.

Kashegari da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya sauko bai kalli kowa ba. Inna na baya, a naɗe cikin zanen da ta tafi da shi. Daga baya na ji cewa tun la'asar ɗin jiya wani mai keke ya kawo wa Kaka saƙo. Ta rasa yadda za ta faɗa mana, shi ne ta faɗa mana ta hanyar da ta iya.

Na yi fushi da ita, na yi fushi da Allah. A ganina an yi mini alkawari an saɓa. Na daina zuwa bakin murhu. A majami'a in ana waƙa sai in rufe bakina. Kaka ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Ta goya jaririn da tsufanta, tana karɓo masa madara a rugar Fulani, da asuba kuma in ji ta tana cewa, "Ubangiji, ka ɗauke uwa ka bar mini ɗa, ni da ba ni da nono. To ga shi nan, kai ka san yadda za ka yi." Yaron ya rayu. Yanzu shi ke noman fadamar Baba. Kaka kuwa ta rasu ina 'yan mata, ban taɓa komawa kan zancen da ita ba.

Na yi aure a Makarfi, ina ɗinki, maigidana Bulus yana koyarwa a firamare. Ɗanmu na fari, Dauda, da ciwon sikila aka haife shi. Duk wadda ta yi renon mai sikila ta san abin da nake nufi: yaro na wasa da safe, da rana yana birgima yana kiran ƙasusuwansa. Babu azumin da ban yi ba, babu taron addu'ar da ban kai shi ba. Ashe har lokacin ciniki nake yi da Allah, in ba shi addu'a ya ba ni lafiyar ɗana. Dauda ya rasu yana shekara goma sha huɗu, cikin damina.

Masu ta'aziyya suka zo. Wasu suka ce Allah ya fi mu son sa. Wata har ta ce wataƙila bangaskiyata ce ta yi rauni. Maƙwabciyata Hajiya Rabi ce kaɗai ba ta ce komai ba bayan gaisuwa. Takan shigo ta zauna kusa da ni, ta tsince mini shinkafa, ta tashi ta tafi. A zaman nan nata na fara gane abin da Kaka ta faɗa a bakin wuta. Dā na ɗauka dogara ga Allah ita ce tabbacin cewa abin da kake tsoro ba zai same ka ba. Ya same ni, sau biyu. Abin da ya rage mini bai kai wancan daɗin faɗi a majami'a ba: in tashi da safe ban san komai ba, in yi abin da ke gabana, in bar masa abin da ya fi ƙarfina, ko da raina a ɓace yake da shi. Kaka ba ta ba mu tatsuniyar don mu ji daɗi ba. Ta ƙi yi mana ƙarya ne a kan Allah, don kada ranar da ƙaryar ta fashe mu rasa shi gaba ɗaya.

Ƙanwar Dauda, Murna, ita ma tana da ciwon. Bayan rasuwarsa na tsare ta kamar ƙwai. Ba wasa a waje, ba shiga ruwa, makaranta ma wani lokaci in hana. Bara 'yan mawaƙan majami'armu za su je taro a Kudan, tana cikinsu, na ce ba inda za ta. Ba ta yi gardama ba. Ta zo ta zauna kusa da keken ɗinkina, can ta ce, "Mama, ni ma zan mutu kamar Yaya Dauda?"

Bakina ya buɗe zai ce a'a, Allah ba zai bari ba. Na haɗiye.

Na ce, "Ban sani ba, Murna."

Ta ce, "To in ba ki sani ba, ki bar ni in je in yi waƙar."

Na haɗa mata magungunanta da rigar sanyi da gorar ruwa, na raka ta bakin titi. Na tsaya har motar ta ɓace a kwana, babu wata salama da ta sauko mini. Na ce, "Ubangiji, ga ta nan. Hannuna ya gaza tun a kan Dauda." Sannan na koma gida na ɗora tukunyar yamma, na auna garin tuwo har da rabonta.